Yatsan Mma Sanatu

Da Osumanu ya san halin hannun tsohuwar mai gasa burodi, da bai bar Mma Sanatu ta matso kusa da kwanon nan ba. Amma a safiyar nan hankalinsa duka yana kan uwarsa, wadda ke kwance a ɗaki tana ƙarewa a gaban idonsa.

Tun ranar da uwar tasa, Mma Ayishetu, ta faɗi a bakin famfon gidansu na haya a unguwar Maamobi, ɓarin jikinta ya shanye, ta sa wa ranta abu ɗaya. Abin da ta ci na ƙarshe kafin ta faɗi tubani ne da Mma Sanatu ta aiko mata, don haka ta ce sammu aka sa mata a ciki. Likita ya ce hawan jini ne, Osumanu ya maimaita mata har bakinsa ya gaji, ta ƙi ji. Ita da Sanatu sun tsufa tare a bakin tanderu ɗaya suna gasa burodin suga, amma yanzu ko muryarta ta ji sai ta juya fuska bango. Daga nan ta daina cin abincin kowa. Maƙwabta suna ta aiko kwanuka kamar yadda ake yi wa mara lafiya, Osumanu yana karɓa da godiya, ya ɓoye, ya raba wa yaran garejinsu a Alajo, don mayar da kwano cike cin fuska ne. Da harshenta mai nauyi ta gaya masa sharaɗinta: sai abin da ya dafa da hannunsa, tana gani.

Shi kuwa mai walda ne, bai taɓa ɗora tukunya ba. Matarsa ta tafi Yendi haihuwa gidan iyayenta. Ya jawo kurfoti, murhun gawayi, ƙofar ɗakin, ya ɗage labule, ya tsuguna a tsakar gida cikin mata. Tuwonsa na farko ya yi gudaji, miyar ganyen ayoyo ta tsinke kamar ruwan wanki. Matan gidan suka sa masa suna amarya, suna tambayarsa yaushe za a kawo lefe. Yakan yi dariyar yaƙe ya ci gaba da tuƙi. Mma Ayishetu takan karɓi loma ɗaya, ta juya ta a baki, ta tofar. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta ce in aka ci gaba haka sai an mayar da ita asibiti an sa mata roba ta hanci, wadda ta taɓa fizgewa har jini ya zuba.

Wata rana da hantsi ya ji uwarsa tana faɗin wani abu, ya sunkuya. Burodi take so, irin nata, a jiƙa a shayi.

Duk gidan mutum ɗaya ce ta san yadda ake yinsa. Osumanu ya same ta a bayan gida tana shanya, ya durƙusa ya roƙe ta ta koya masa. Mma Sanatu ta san abin da ake zarginta da shi. Duk da haka ta ce ya nemo fulawa da yis da bota, da yashi mai tsabta da za a zuba a gindin babbar tukunya, tunda tanderun ya rushe. Suka shirya cewa za ta tsaya jikin bango gefen ƙofa, inda mai kwance ba za ta hango ta ba, hannuwanta a baya.

Haka aka yi. Ta riƙa nuna masa da haɓa da ido: ƙara ruwa, ya isa, murza. Yana murzawa yana ɗaga kwanon yana nuna wa uwarsa. A karo na farko tun faɗuwarta ya ga ta bi wani abu da ido, har yatsun hannunta mai lafiya suna motsi a kan zani kamar ita ke murzawar.

"Amarya, ba ƙarfe kake lanƙwasawa ba," Mma Sanatu ta raɗa. "Sassauta."

Ya sassauta. Ya rufe ƙullun ya ajiye a rana, suka jira. Da ya buɗe, ya kumbura ya cika kwano. Ya ɗago kai zai tambayi Mma Sanatu ko ya yi, sai ya ga hannunta ya riga ya fito daga bayanta. Yatsa ɗaya ta danna a tsakiyar ƙullun, a daidai bakin ƙofa, yadda ta saba yi kowace safiya tun kafin a haife shi. Ita kanta sai da ta ga ramin yatsan ta gane abin da ta yi. Ta kama bakinta da hannu.

Osumanu ya waiwaya ɗaki. Idon uwarsa a rufe yake. Ya kasa tuna ko a buɗe yake ɗazu.

Ya yi tunanin zubarwa ya sake sabo, amma uwarsa ta ga wannan ƙullun tun yana gari, in ya zubar sai ta nemi dalili. Ya mulmula shi, ya jera a gwangwani, ya ɗora bisa yashin, ya rufe, ya zuba garwashi a kan murfi. Mma Sanatu ta koma ɗakinta ba ta ƙara leƙowa ba. Ƙamshi ya cika gidan, cikin matan babu wadda ta tsokane shi.

Gindin ya ɗan ƙone, amma cikin ya yi laushi. Ya haɗa shayi, ya shiga, ya tallafo uwarsa ya jingina ta da filo.

"Mma, ga shi. Ni na yi, kin gani."

Ta karɓi gutsuren da hannunta mai lafiya. Ta matsa shi, ta kai hanci, ta daɗe tana kallon ƙofa. Ba ta jefar ba, ba ta kai baki ba. Shayin yana hucewa a hannunsa, lokacin magani ya wuce. Osumanu bai san ko ta ga yatsan ba, bai kuma san ko za ta ci ba.