Asabar ɗin da Muka Yi Kiɗa a Sansanin Katako

A shekarar 1951 mu uku ne ke yawon kiɗan buluz, kiɗanmu na baƙar fata, a wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura: ni Cleon mai ganga, yayata Ozella mai waƙa, da mijinta Percell mai gita. Tsakanin Mississippi da Arkansas babu rumfar shan giyar da ba ta san mu ba. Inda aka ba mu ɗaki mu kwana a ɗaki, inda masaukin na farar fata ne kaɗai mu kwana a mota.

Percell mutum ne mai sanyin hali, amma bakinsa reza. Kafin ya gama cin abinci a gari ya kwashe gulmar kowa, in ya hau kiɗa ya zazzage ta cikin waƙa. Ozella ta sha gaya masa, "Kai dai ka bi a hankali, baki shi ke yanka wuya."

Wata Asabar a watan Yuli aka kira mu wani sansanin masu yankan katako a cikin fadama, kusa da kogin Yazoo a Mississippi. Da rana tsaka muka kafa kaya a gindin bishiya, mata na suyar tarwaɗa a gefe, maza na zagaya kwalbar barasar masara. Heluman wurin, wato shugaban leburori, sunansa Hosea Gatlin. Baƙi ne kamar mu, amma karen farautar Baturen da ke da injin yankan katakon ne. Kullum yana riƙe da ƙugiyar jan gungume, kuma da ita ya karya muƙamuƙin wani lebura mai suna Elzie wata guda kafin zuwanmu.

Wata mai suya ce ta raɗa wa Percell cewa shekaranjiya maciji ya kori Hosea, ya tsallake shingen waya ya bar rabin wandonsa a jiki. A waƙa ta huɗu sai ga shi ya sako: "Mai ƙugiya, mai ƙugiya, ina ka baro wandonka?"

Wurin ya fashe da dariya. Mutanen da suka shekara ba su ɗaga ido a gaban Hosea ba har da masu faɗuwa ƙasa. Sai dariyar ta fara mutuwa daga baya, taron ya dare biyu, ga Hosea yana tahowa.

"Maimaita," in ji shi.

Percell ya ce, "Haba babban yaya, waƙa ce fa. Ni ma na taɓa barin nawa wandon, kuma ba maciji ne ya kore ni ba."

"Na ce maimaita, ɗan iska."

Har yau ban san abin da ya shiga kan Percell ba. Ya kalli leburorin nan, ya gyara gitarsa, ya maimaita.

Ƙugiyar ta sauka a hannunsa na hagu, inda yake danne da tsirkiya. Wuyan gitar ya karye, jini ya fantsamo har kan fatar gangata. Na yi tsalle na kama Hosea ta baya, ya juyo ya zabga min ƙotar a baki, na tofar da haƙora biyu ina durƙushe. Kafin in miƙe ya danne ƙirjin Percell da gwiwa, ya zaro wuƙa, yana cusa masa yatsa a baki.

"Fito da harshen! Yau za ka bar min shi a nan."

Mutum sun fi hamsin a tsaye, babu wanda ya motsa. Ozella ce ta motsa. Ta naɗe hannu da gefen rigarta ruwan ɗorawa, ta sauke kaskon suya daga wuta, mai na tafasa da kifin a ciki.

"Hosea!" ta kira shi.

Ya ɗago, ta juye masa a fuska.

Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ƙara ba. Ya saki wuƙar yana birgima, yana yagar fuskarsa. Elzie ne ya fara ɗaukar katako. Bakinsa na ɗaure da tsumma, bai iya ko zagi, dukan kawai yake. Sai sauran suka rufar wa Hosea.

Daga can ofis aka harba bindiga. "Bature na zuwa!" in ji mai suyar nan. "Ku ɗauke mutuminku ku bar nan!" Muka jefa Percell a kujerar baya, na kama sitiyari, ƙarti shida suka tura motar da gudu har ta tashi. Gangata na can har yau.

Asibiti ba wurin zuwa ba ne, can 'yan sanda za su fara dubawa. Muka yi mil arba'in zuwa gidan wata ungozoma, Mama Tennie, wadda ta taɓa ba mu masauki. Ta duba hannun ta girgiza kai.

"Yatsu biyu sun tafi, ɗana. Ciji wannan."

Ta sa masa bel a baki, ni na danne kafaɗunsa, ta ƙarasa yatsun da almakashi, ta zuba kananzir da sukari. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Sun yi dariya dai, ko?"

Ozella ta ce, "Rufe min baki kafin in ƙarasa aikin Hosea."

Sai ta fashe da kuka. A lokacin muka ga nata hannun ma duk ya saɓule.

Kwana uku bayan haka labari ya iso mu cewa Hosea ya mutu. An kama leburori huɗu har da Elzie, kuma ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Ana neman mace mai riga ruwan ɗorawa. Mama Tennie ta ƙone rigar a murhu, muka sa Ozella a jirgin ƙasa zuwa Chicago wurin gwaggonmu.

Ni da Percell muka koma hanya da kaka. Ya koyi kwantar da gita a cinya yana goga tsirkiya da wuƙar cin abinci, kuka take kamar mace a makoki, har mutane suka fi son haka. Da bazara mukan hau arewa ya ga matarsa.

Ozella ba ta sake taka Mississippi ba. Da mahaifiyarmu ta rasu a 1958, ta sayi baƙar riga da tikiti, ta je har tasha, ta zauna a benci jirgin ya tashi ya bar ta. Ni kaɗai na tsaya a bakin kabari a madadinmu biyu.