Abin da Na Rubuta wa Auta

Auta ce ta koya mini rubutu a waya. Ni a aji huɗu na tsaya a makaranta, ina haɗa baƙi da baƙi amma a hankali, ita kuwa yatsunta kamar ba ƙashi a ciki. Tana da shafi a intanet inda take sa hotunanta, ƙawayenta su zo ƙasan hoton su yi ta surutu. Da Allah ya karɓe ta tana da shekara goma sha tara, sai wayar ta dawo hannuna. Wata biyu ban taɓa ta ba. Ran da na kunna, hotonta na ƙarshe ne ya fito, tana tsaye bakin tagar ɗakinmu tana dariya, ƙawayenta sun cika ƙasan hoton da addu'a. Na rubuta, "Auta, ni ce Mama." Washegari na sake rubutawa. Daga nan ya zama kullum.

Ƙawayen sun daina zuwa tuni, ba mai amsa mini. Sai na ɗauka wurin ya zama kamar ɗakin da kowa ya fita, daga ni sai ita. Nakan gaya mata duk abin da na saba gaya mata in na dawo daga aiki, har hoto nakan ɗauka in sa mata.

Aikina shara da dafa shayi ne a wani kamfani mai rarraba magunguna, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ofisoshi shida a gaba, babban sito a baya. Ni ce farkon zuwa, ƙarfe shida ina bakin ƙofa, Baba Mai Gadi ya buɗe mini. Dattijo ne, ya girme ni nesa. Matarsa ɓarin jikinta ya shanye, gidansu kuma yana bayan layin kamfanin. Kullum shida da rabi sai ya leƙo inda nake goge ƙasa ya ce, "Maman Auta, ki sa mini ido, yanzu zan dawo." Ya tura ƙofar ba tare da ya kulle ba saboda direbobi, ya je ya juya matarsa ya ba ta magani. Minti ashirin ya dawo yana haki. Ba wanda ya sani sai ni.

Wata Litinin Manaja ya tara mu duka a ɗakin taro, har da ni da Baba. Akwai wata yarinya a gefensa, siririya, da gilashi a ido da kwamfuta a gabanta. Ya ce kamfani ne ya ɗauko ta ta gwada tsaronmu kafin ɓarayi su gwada.

Ta ce, "Ba zan shiga wayar kowa ba, ba zan buɗe saƙon kowa ba. Abin da kowa a duniya zai iya gani game da ku a intanet, shi kaɗai zan tattara, in ga ko ɓarawo zai sami hanya da shi. In na gama, zan goge duk abin da na tara."

Babban direbanmu ya ce, "To 'yar nan, in kin ci karo da hotona da tumbi, na bara ne, na rage yanzu."

Mai sito ya ce, "Ka rage a ina? Kujerar motar ce za ta ba da shaida."

Aka yi dariya. Ta raba takarda kowa ya sa hannu cewa ya yarda. Na sa nawa ban ko yi tunani ba. Ni me nake da shi a intanet? Daga ranar direbobi suka sa mata suna Mai Gilashi.

Bayan mako biyu, ranar Litinin da hantsi, ina wanke kofuna a ɗan kicin ɗinmu sai ta shigo ta tura ƙofa. Na ce, "Shayi ne, 'yata? Yanzu ruwan zai tafasa."

Ta ce, "A'a Mama, zauna. Magana ce."

Ban da kujera a kicin sai ɗaya. Ta ba ni, ita ta tsuguna. Ta ce, "Da farko ki yafe mini. Na karanta abin da ba don ni aka rubuta ba. Allah ya jiƙan Auta."

Na ce, "Wa ya ba ki wayar?"

"Ba wanda ya ba ni. Shafin a buɗe yake, Mama. Duk wanda ya nemi sunan kamfanin nan zai kai gare shi, don ta taɓa sa hotonki a bakin ƙofa, allon kamfani na bayanki, ta rubuta wurin aikin Mamana."

Ta buɗe kwamfutar a kan gwiwarta. Ga hoton teburin Manaja da na ɗauka don in nuna wa Auta yadda na goge shi yana ƙyalli. Ta ƙara girman hoton, sai ga 'yar takardar da ya manna a jikin kwamfutarsa, lambobin ƙofar sito a kai, ana karanta su sarai. Ga katina na shiga rataye a wuyana. Ga ranar da na ce mata mai lissafi ta shiga bayan gida ta yi kuka. Ga ranar da na ce Manaja yana shan maganin hawan jini a ɓoye. Duk da rubutuna mai karkace-karkace, duniya na gani, wata bakwai cur.

Na rufe fuska da gefen mayafina. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ta ce, "Lambobin ƙofa an canza su jiya, na ce na gan su a wani hoto, ban faɗi na wa ba. Maganar mai lissafi da ta Manaja ba ruwan aikina da su, ba za su shiga rahoto ba. Sunanki ma ba zai shiga ba, na Auta ma haka. Amma akwai ɗaya da ba zan iya ɓoyewa ba."

Ta nuna mini. Na rubuta shi ya fi sau goma, ta hanyoyi daban-daban. "Auta, yau ma Baba ya tafi wurin matarsa shida da rabi, ya bar ni da ƙofa. Ba kowa a kamfanin sai ni da tsintsiya. Allah ya ba shi lada."

"Mama, magungunan da ke cikin siton nan akwai waɗanda ake kashe mutum a kansu. Ke ce a ciki ke kaɗai a wannan lokacin. Dole in rubuta cewa ƙofa na zama ba kowa. Ranar Alhamis da rana zan miƙa rahoton."

Na ce, "Za su kore shi."

"Zan rubuta cewa mai gadi na biyu ake buƙata da safe, ba kora ba. Amma ni shawara nake bayarwa, ba ni ke yanke hukunci ba. In shi da kansa ya riga ni zuwa wurin Manaja ya faɗi halin da matarsa take ciki, maganar za ta zo da sauƙi. Wanda ya kawo kansa ba ɗaya yake da wanda aka kama ba. Ki gaya masa."

"Ke ki gaya masa mana, 'yata."

"Zai tambaye ni inda na ji. Ba zan yi masa ƙarya ba, kuma na riga na ce miki ba zan faɗi sunanki ba. Kwana uku ne, Mama."

Ta karɓi wayar Auta ta rufe shafin yadda ba mai gani sai ni, ta nuna mini wurin da ake dannawa har sau biyu. Ba ta goge ko kalma ɗaya ba. Da za ta fita ta kashe mini butar da ke ta tafasa ban ji ba.

Ranar Talata na zo da maganar a bakina. Tun a hanya nake shirya ta. Baba ya buɗe ƙofa ya ce, "Maman Auta, yau kin yi sammako kamar mai zuwa biko." Ya yi dariya, na yi. Shida da rabi ya leƙo, "Ki sa mini ido." Na ce to. Na ce a raina in ya dawo zan gaya masa. Da ya dawo direbobi sun fara zuwa.

Ranar Laraba na kai masa shayi har ɗakin gadi, abin da ban saba ba. Na tsaya da faranti a hannu. Ya ce, "Lafiya dai?" Na ce, "Baba, wannan yarinyar mai gilashi..." Ya ce, "Ai yarinyar kirki ce, kullum sai ta gaishe ni. Ni dai ba ta da abin samu a kaina, wayata ko hoto ba ta ɗauka." Ya ɗaga 'yar wayarsa da aka ɗaure da roba yana dariya. Na duba fuskarsa. Ta yaya zan ce masa ni ce na ɗauki sirrinsa na shanya a kasuwa? Ta yaya zan ce masa ina hira da matacciya kullum, har wata bakwai? Na ce, "Sukari ya ji?" Ya ce ya ji.

Ranar Alhamis ban ko gwada ba. Na shige sito da tsintsiya na yi ta sharar inda na riga na share. Na ce wa kaina watakila Manaja ba zai karanta wannan shafin ba, rahoton ai da kauri.

Kafin Mai Gilashi ta shiga ofishin Manaja ta same ni a bakin sito. "Mama, kin gaya masa?"

Na sunkuyar da kai.

Ta tsaya jim, ta duba agogon hannunta, ta duba wajen ƙofa inda Baba ke buɗe wa wata mota. Ta juya ta shiga ofishin. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kai musu shayi suna tsakiyar magana. Na ji tana cewa, "Yallaɓai, dubi shawarar da ke ƙasa. Ba mutumin ne matsalar ba, mutum ɗaya ne a ƙofa awa goma sha biyu." Manaja ya ce, "Shekara nawa yana yi bai taɓa gaya mini ba? Da ya zo ya faɗa da bakinsa ai da mun san yadda za mu yi. Wanda ya ɓoye mini wannan, me kuma yake ɓoyewa?" Ina tsaye da faranti a hannu. Manaja ya ce, "Ajiye mana, Mama, sannu." Na ajiye na fita. Ko a nan da na buɗe baki na ce ni ce ke riƙe masa ƙofar, ni ce aka ba saƙo ban isar ba, watakila da wani abu ya canza. Na ja musu ƙofa a hankali.

Ranar Asabar aka kawo sabbin masu gadi biyu, matasa, da sababbin takalma. Baba ya zo da hantsi ya kwashe kayansa: buta, tabarma, rediyo da wata tsohuwar rigar sanyi. Direbobi suka kewaye shi suna ba shi haƙuri. Ni na ɓuya a kicin, amma ya biyo ni har can, ya tsaya a bakin ƙofa da kayansa a leda.

"Maman Auta, ba sallama?"

Na ce, "Baba, sannu. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

"Amin. Na san wannan kyamarar ta shagon da ke kallonmu ce, ko cikin direbobin nan wani ya yi surutu. Ba komai, laifina ne." Ya gyara riƙon ledar. "Ni dai godiya na zo yi. Shekara biyu kina riƙe mini ƙofa, ko sau ɗaya ba ki taɓa gaya wa kowa ba. Matata kullum sai ta sa miki albarka, ba ta ma san fuskarki ba. Ki zo ki gaishe ta wata rana, ƙofa ta uku ce in kin sha kwana, mai shuɗin fenti."

Bakina ya buɗe.

Na ce, "Zan zo, Baba."

Ya ce, "To madalla," ya juya. Na bi shi da ido ta taga har ɗaya daga cikin sabbin masu gadin ya buɗe masa ƙofa, ya tambaye shi ko yana da takardar fita da kaya. Baba ya buɗe ledar ya nuna masa buta da tabarma.

Wata huɗu ke nan. Kullum in na tashi aiki ta layin su Baba nake bi, in wuce ƙofa ta ɗaya, in wuce ta biyu. Jiya har na tsaya a ta uku na ɗaga hannu. Na ji muryarsa a ciki yana cewa, "Yi haƙuri, ɗaga kafaɗar kaɗan, saura cokali ɗaya." Na sauke hannuna na wuce.