Gorunan Bayan Ƙofar Sito

Tun da matata, Maman Ben, ta rasu, mutum ɗaya ne yake ƙwanƙwasa ƙofata ba don yana neman wani abu a wurina ba. Maman Vicky ce, maƙwabciyata a nan Trikania, mai sayar da zoɓo a bakin layi. Kullum da rana tsaka sai ta shigo da gora ɗaya mai sanyi, ta miƙa mini, ta tsaya ta ba ni labarin wadda ta yi faɗa da wa a zumuntar matan coci, sannan ta tafi. 'Ya'yana sukan bugo waya ran Kirsimeti. Fasto yakan zo idan rufin coci ya fara yoyo. Ita kuwa kullum ne.

Ba na shan zoɓon. Sukarin da take zuba masa zai iya kwantar da bijimi, ni kuma likita ya riga ya ja mini kunne. Amma na ga abin da ya sami wani dattijo a layinmu da ya ce mata kunun ayarta ya yi ruwa: har yau ba ta gaishe shi. Don haka nakan karɓa in yi godiya, in jera gorunan a bayan ƙofar sito. Ran Asabar, idan ta tafi koyon waƙa a coci, in juye su a kwata. Na daɗe ina koyar da tarihin dauloli, na san yadda ƙaramar ƙasa take zama lafiya da babbar maƙwabciya.

Ɗan hayana, Derrick, ma'aikacin banki ne, yana da wani ƙaton babur irin na tsere, wanda ake kifa ciki a kansa kamar mai neman takalmi a ƙarƙashin gado. An ƙera shi don hanyar da ba kowa, shi kuwa ya kawo shi cunkoson Kakuri. Babur ya riƙa zafi yana tofar da ruwa. Sai Derrick ya yi odar sabon lagireto mai ƙyalli da tiyo shuɗaye, ba na kamfanin babur ɗin ba, na wasu ne da suka rantse nasu ya fi. Ya ce ba bakaniken da zai taɓa masa. Ya ɗauki hutun Juma'a, ya baje sifanu a tsakar gidana, ga mura ta toshe masa hanci.

"Baba, don Allah riƙe mini wayar nan."

Na riƙe. A cikin wayar wani Bature ne yake irin wannan aiki a garejin da ya fi asibitinmu tsabta. Nasa lagireton ya zauna daram. Na Derrick ramukan kusoshinsa suka ƙi haɗuwa da na babur, sai da ya yi ta goga ƙarfe yana jan majina. Tiyon sama kuma ya yi tsawo.

"Ka rage shi mana," na ce.

"Baba, Baturen bai yanke ba."

"Baturen bai saya a inda ka saya ba."

Ya yanke, ya cusa, ya ɗaure bakin da sukudireba. Saura ruwa. Jan ruwan lagireto ya sayo wurin Chidi, mai kayan babur a Kakuri, wanda yake auna shi daga jarka zuwa tsofaffin gorunan ruwa. Ran Alhamis Derrick ya ajiye gorunan a sito cikin baƙar leda. Da safe ina neman fartanya na ɗaga ledar na ɗora a saman kanta, ban gaya masa ba.

Daidai lokacin Maman Vicky ta yi sallama.

"Baban Ben, ina wuni? Ga naka. Kai, Derrick, wannan shuɗin kamar ankon biki!"

Ta ba ni gorar, ta juya wa babur baya, ta shiga labarin ma'ajiyar zumunta da ta sayi sabon leshi. Ta kan kafaɗarta na hango Derrick ya fito daga sito rungume da goruna. Ba leda. Na san kayana.

Ya buɗe ta farko, ya ɗaga ta a rana. "Chidi ya ce na Jamus ne. Dubi kaurinsa, Baba."

Kalma ɗaya ta isa. Amma idan na ce zoɓo ne, za a tambayi abin da zoɓon mako guda yake yi a sito. Na dubi babur, na dubi Maman Vicky. Babur dai bai taɓa tambayata yadda na kwana ba.

"Yana da kauri," na ce.

Ya kafa mazurari. Na tsaya ina kallon zoɓon Litinin ya shige, na Talata ya bi shi, ina gyaɗa kai ga labarin leshi.

Baturen ya ce a tayar da inji a bar murfi a buɗe, a riƙa matsa tiyo iska ta fita. Derrick ya tayar. Kajin maƙwabta suka watse. Ya durƙusa yana matsa tiyo kamar mai tatsar saniya. Can sai kumfa mai ruwan hoda ta taso daga bakin lagireto, tsakar gida ta game da ƙanshin citta da kanumfari. Ƙudan zuma biyu suka iso duba aiki.

Maman Vicky ta tsaya a tsakiyar magana. Ta ɗaga hanci.

"Wa yake dafa zoɓo a layin nan ban da ni?"

"Ƙila iska ce daga gidanki," na ce.

Ba ta kula ni ba. Ta je ta ɗauki gorar da Derrick ya yar, ta sunsuna.

"Wannan na Talata ne. Ranar bawon abarba ya yi yawa."

"Mama, na Jamus ne," in ji Derrick.

"Jamus ɗin gidanku. Kashe abin nan!"

Ta wuce sito kai tsaye. Na ji ƙarar ƙofa. Da ta fito tana riƙe da na Laraba da na Alhamis, ko murfinsu ba a murɗa ba.

Derrick ya ɗora hannu a ka, ya kira Chidi, ya sa wayar a amsa-kuwwa don hannunsa duk danƙo. Chidi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Oga Derrick, ka sa masa ƙanƙara? Cire tiyon ƙasa ka yi ta ɗura ruwa har ya fito fari. Injin ba zai mutu ba. Amma ka yi sauri kafin tururuwa su ji labari."

Maman Vicky ba ta yi dariya ba. Ta zo gabana ta zare gorar yau daga hannuna, a hankali, kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro. Ta fita ba sallama.

Washegari rana ta yi tsaka, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ran Lahadi a coci ta gaida na damana, ta gaida na haguna. Derrick ya wanke baburinsa, ya sami ledarsa a saman kanta, ya koma tayar wa unguwa hankali. Ni kuwa na sami shirun da nake cewa ina so. Na zauna da littafi, shafi ɗaya na yi ta karantawa har tsakiyar mako.

Daga ƙarshe na sa hula, na ɗauki kofi, na tafi bakin layi. Na bi layi a bayan masu Keke Napep. Da aka zo kaina ba ta ɗago ba.

"Na sha ne, ko na inji?"

"Maman Vicky, likita ne ya hana ni sukari."

"Tun yaushe?"

"An jima."

"Bakinka ciwo yake yi da ba ka faɗa ba? Ni ina ta ƙara maka cokali, wai ka rame."

Ta karɓi kofin, ta shiga cikin rumfarta, ta ɗebo daga tukunyar da ba a riga an sa wa sukari ba. Tsami kamar a tsinke harshe. Ta riƙe ƙugu tana kallona, masu Keke ma suna kallo, har na ga gindin kofin.

"Yaya?"

"Ya yi," na ce, idona yana hawaye.

"To. Gobe ka zo da ƙafarka ka sha a nan, ina gani. Na daina kai wa babur."