Ƙuma a Akwatin Mabel

Karo na uku ke nan Raelene tana ganin ɗige-ɗigen baƙaƙe suna yawo a kan farar takardar da ta shimfiɗa wa mesarta, Mabel. Ƙuma ta dawo. Ta riga ta jiƙa macijiyar a ruwan ɗumi, ta fitar da kwanon ruwa ta feshe akwatinta da magani, ta ƙone ɓawon itacen da ke ciki. Ga shi ranar Litinin za a kwantar da ita asibitin Cairns a yi mata aikin ƙugu. Idan ta tafi ta bar Mabel haka, ƙumar za ta tsotse ta har ta mutu.

Ƙumar maciji kuwa ba daga sama take faɗowa ba, a hannu ko a riga ake kawo ta. Duk unguwar mutum ɗaya ne macizansa ke fama da ita, wato Col na ƙarshen layi, ƙazamin da rumfarsa ko kare ba ya son shiga. Raelene ta tare shi a bakin shago.

"Col, ka shiga gidana ba na nan?"

"Ni? In yi me, in sha shayinki mai kama da ruwan wanki?"

Ya yi dariya, amma idonsa na ƙasa. Raelene ta dawo gida zuciyarta na tafasa, ta sauya kwaɗon ƙofar baya.

Saura mutum ɗaya a gidan, mahaifiyarta Noreen, wadda ko hoton maciji ta gani a talabijin sai ta ɗage ƙafafu daga ƙasa. Zarginta ma abin kunya ne. Sai dai kwanan nan tsohuwar ta tsiri zuwa sayen burodi kullum da hantsi, ta kuma dawo hannu rabbana.

Ran Asabar Raelene ta jira ta a ƙofa, ta karɓi rigar sanyinta ta kaɗe a kan farar takarda. Ɗigo biyu suka faɗo, suka kama tafiya.

"Mama, gidan burodin ne ke kiwon macizai?"

Noreen ta zauna a hannun kujera.

"Wurin Col nake zuwa. Na ce kar ya gaya miki."

"Ki yi me a wannan jujin?"

"Koya mini yake yadda ake ɗaukar su. Jiya na riƙe babban har na ƙirga goma ban yar ba. In na dawo sai in gwada da taki."

Raelene ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tuna tsohuwar ko hoton maciji tsoronsa take. Kunya ta rufe ta.

"Kin ce ba ki da wanda zai duba Mabel in kin tafi asibiti," in ji Noreen. "Ni fa ina zaune kusa da ke kika faɗa."