Babu Ƙorafi

Ofis na uku ke nan da aka tura Shugaba a hukumar ruwa tun safe, takalminsa duk busasshen taɓo. Kwana goma sha biyu rabon da ruwa ya gudana a magudanar da ke bi ta lambunansu, tumatirin da suka dasa ya fara sunkuyar da kai. Manoma arba'in ne suka zaɓe shi shugaba, su ne kuma suka turo shi ya ji ranar da za a buɗe musu ƙofar dam.

'Yarsa ta riga ta duba masa shafin hukumar a waya, ta tarar da jadawalin bara yana zaune daram kamar mai gadi.

Ma'aikaciyar da ya samu ba ta da wulaƙanci. Ta ajiye kofin shayinta, ta jawo wani kakkauran fayil.

"Baba, ai sashenku ba ya cikin rabon wannan watan. An karkatar da ruwan sashe na biyu."

"Saboda me, 'yar nan? Mu ba mutane ba ne?"

"Ma'aunin ruwanmu ya lalace, shi ya sa duk mako muke kiran shugabannin manoma mu ji halin da ake ciki. Na sashe na biyu har kuka ya yi mana. Ku kuwa, duba nan."

Ta juyo masa takardar. Layi huɗu, mako huɗu, kowanne an rubuta: babu ƙorafi. Lambar wayarsa ce a gefe.

Sai ya tuna kiran. Duk Litinin wani mai sanyin murya yakan tambaye shi yaya lambu, yaya ruwa. Shi kuwa dattijo ne, ba a haife shi ya kai kuka wurin wanda bai sani ba. "Mun gode Allah, ana ta lallaɓawa," yake cewa, har ya ƙara da gaida iyali.

Kunya ta rufe shi.

"Yanzu ba yadda za a yi?"

"Ka cike wannan takardar koke. Kwamiti zai zauna ƙarshen wata."

Tumatir ba ya jiran ƙarshen wata, su biyun sun sani.

Da la'asar ya sauka daga mota, ya tarar da manoma a tsaitsaye bakin busasshiyar magudana. Ƙaninsa ya tare shi.

"Yaya, an dace?"

Godiyar nan da ya saba ta taso masa har kan harshe. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Ba a dace ba," ya ce. "Ku zauna, ni ne na jawo mana."