Tsibirin da Babu Kawu

Yaron da aka haifa a gidan abinci ba ya sanin darajar ƙoshi. Nofrizal, wanda ake ce wa Nofri, irinsu ne. Uwarsa, wadda kowa ke kira Uni Des, ita ke da gidan abinci irin na mutanen Padang da ke bakin kasuwa a garin Pekanbaru, kuma tun kafin ya iya karatu ya iya jera farantai daga tafin hannu har kafaɗa. Maimakon ya gode wa Allah da ya ba shi sana'a, sai ya ɗauki abin a matsayin cuta. Ranar da suka gama jarrabawa, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya yi wa abokansa biyu rantsuwa cewa hutun nan tafiya za su yi su kaɗai, ba babba ko ɗaya, kuma har ya dawo hannunsa ba zai taɓa ludayi ba.

Abokan su ne Parlin, ƙato mai ci kamar gara, da Sugeng, siriri, wanda ko ƙuda ya gani sai ya ɗauke shi hoto. Suka zauna kan buhunan shinkafa a bayan shago suna zaɓen wurin zuwa.

"Tafkin Toba," in ji Parlin. "Yankinmu ne. Ga sanyi, ga kifi."

"Kawu Basri yana da shago a Parapat, bakin tafkin, daidai inda mota ke sauke mutane," in ji Nofri. "Kafin in ajiye jaka ya rataya mini tsumma a kafaɗa."

"Batam fa?"

"Can kawunnai biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Sai na yi wa kowanne wanke-wanke, kada ɗaya ya ce na fi son ɗaya."

Sugeng ya ɗago daga waya. "To Bukittinggi."

Nofri ya yi masa kallon tausayi. "Ai can ake ƙera su."

Gaskiyarsa ce. Bukittinggi tushen ƙabilarsu ce ta Minang, kuma a wajen mutanen Minang ɗan'uwan uwa ya fi uba iko da yaro, kuma duk garin da hayaƙi ke tashi akwai ɗayansu yana soya barkono. Yaro ya shiga gari bai je gaida kawunsa ba, ya ja wa uwarsa magana. Ya je gaishe shi, tulin kwanuka na jiransa.

Can Sugeng ya tono wani ɗigo a taswira, tsibirin Serapuh, wanda jirgin fito ke leƙawa jefi-jefi. Nofri ya shiga madafa ya tarar da uwarsa tana kankarar kwakwa.

"Amak, muna da wani a Serapuh?"

"Ina ne haka?"

Zuciyarsa ta yi fari. Ya yi mata bayani, ya ce can suke son zuwa. Ya shirya wa faɗa, amma ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Garin da mutane?"

"Masunta ne, da makaranta, da ɗan asibiti."

"Me suke ci?"

"Oho, Amak. Abinci mana."

"To," in ji ta. "Allah ya kiyaye hanya. Ka tafi da hula."

Mai hankali da ya tsaya ya auna tambayoyin nan. Amma yaro in ya samu abin da yake so, kunnensa toshewa yake yi.

Serapuh ta yi musu yadda suke so: farin rairayi, itatuwan kwakwa, ba mai aike, ba mai kiran suna. Suka sauka a gidan baƙi ɗaya tilo na garin, wajen wata tsohuwa Mak Cik Zaitun. Mutuniyar kirki ce, ɗakunanta fes, sai dai Allah bai ba ta hannun girki ba. Kifi sabo, yana fitowa daga teku, za ta jefa shi a ruwan gishiri ta yi ta tafasawa har ya manta sunansa. Gidan abinci kuwa babu a garin, mazan da ke kwana a kwalekwale ma wajenta suke saye don ba yadda za su yi.

Cin farko Parlin ya cinye bai ce komai ba. A na uku ya ajiye cokali.

"Nofri, kifin nan sau biyu ya mutu."

"Ka ci ka gode Allah."

"Kai da bakinka? Ɗan Uni Des? Dubi wuyana, ya fara fitowa. Uwata ba za ta gane ni ba."

"Na yi rantsuwa."

"Ludayi ka rantse ba za ka taɓa ba. Ba ka rantse za ka yi shiru ba. Ka tsaya daga bakin ƙofa ka riƙa faɗa mata."

Haka Shaiɗan ke yi, ba ya cewa ka faɗa rijiya, leƙawa kawai yake cewa ka yi. Nofri ya je ya tsaya a ƙofar madafa, hannuwansa biyu cikin aljihu.

"Mak Cik, da za ki ɗan daka citta da kurkum, ki soya tukuna."

"Ikon Allah, soyawa ake yi?"

"A rage wuta kaɗan. A'a, ba kashewa ba."

Ya daure ta ƙona albasa. Ya daure ta zuba barkono ba niƙa. Sannan ta tace kwakwa, ta ɗauki madarar farko, mai kaurin nan, ta nufi bayan gida da ita.

"Ina za ki kai ta?"

"Kaji zan ba, ɗana. Maiƙo ya yi mata yawa. Ta biyun ake sa wa miya."

Shi dai Nofri bai san lokacin da hannuwansa suka fita daga aljihu ba. Ya tsinci kansa riƙe da kwanon madara a hagu, ludayi a dama, Mak Cik kuma tana kan kujera tana fifita. Daga taga ya ji ƙarar wayar Sugeng tana ɗaukar hoto.

Ƙamshi ba ya neman izini. Kafin miyar kan kifi ta nuna, masunta biyu sun leƙo. Washegari malaman makaranta suka zo, da ma'aikaciyar asibiti, da wani dattijo da ya ce rabonsa da irin wannan miya tun yana aikin jirgin ruwa. Layi ya kai har gindin kwakwa. Farantai suka yi yawa, sawu ya yi yawa, sai Nofri ya jera su a hannu har kafaɗa don ya rage zirga-zirga, yaran garin suka bi shi suna tafi. Wani ya ce a ƙara masa miya, bakinsa ya amsa da muryar uwarsa, "Miya kyauta ce, nama ne ba kyauta ba."

Parlin da Sugeng kuwa suka yi hutu na gaske. Su yi iyo, su dawo su ci, su koma.

"Sarkin ludayi, yau me za a ba mu?" in ji Parlin yana ɗigar ruwa.

Nofri ya ja su gefe. Rantsuwa ta riga ta karye, wannan ya haƙura. Abin da ke cin ransa daban ne.

"Ku ji ni da kyau. Kada Amak ta ji labarin nan. In ta san akwai gari guda mai yunwa, ba namu a ciki, na gama hutu a duniya. Sugeng, hotunan nan fa?"

"Wallahi ban tura mata ba."

Nofri ya sauke numfashi.

"A shafina kawai na sa," in ji Sugeng.

"Amak tana bin shafinka."

"Na sani. Ita ta fara yabawa. Ta ma tambaya ko kullum layin haka yake."

"Ka ce mata me?"

"Na ce ranar ma ba a cika ba. Ai ba a yi wa babba ƙarya."

Ranar komawa suka tsaya a bakin mashigar jirgi da jakunkunansu, Nofri yana ta gaya wa kansa cewa uwa mai shago ba ta da lokacin biye wa hoto. Jirgin fito ya iso. Abu na farko da aka sauke tukunya ce wadda yaro zai iya wanka a ciki. Aka sauke dutsen niƙa, da buhun busasshen barkono, da kwandon farantai an naɗe su da tsohuwar jarida. Bayansu wani dogon mutum ya sauko yana gyara hula. Kawu Syafril ne, autan su Uni Des, wanda ya daɗe yana neman garin da zai kafa nasa shago.

Nofri ya sunkuya ya kai hannun kawun goshinsa, don tarbiyya ba ta barin mutum ko yana cikin baƙin ciki.

"Ka kyauta, ɗana," in ji Kawu Syafril. "Mu mun shekara muna nema, kai ka zo wasa ka samo. Uwarka ta yi magana da tsohuwar, ta ba mu gaban gidanta. Uwar taka ta ce komawa makaranta da saura, ka zauna ka nuna mini mutane. Kama tukunyar nan."

"Kawu, hutu fa na zo."

"Ga teku nan, wa ya hana ka kallo? Daga madafa ma ana hango ta."

Ya rataya masa tsumma a kafaɗa.

Abokan suka shiga jirgi, Parlin rungume da ƙunshin shinkafar da Nofri ya ɗaure musu da safe. Inji bai riga ya tashi ba, don haka Nofri, da kunnen tukunya a hannunsa, ya ji su sarai.

"Hutu mai zuwa ina za mu kai shi?" in ji Parlin da cikakken baki.

Sugeng ya buɗe taswira.

"Ba dai Serapuh ba. Akwai kawu a can."