Ƙafar da Aka Kai Hoto

Barewa, kamar yadda ake kiranta a filin tsere, ta yi wata uku tana gudu da ciwo a idon sawun dama. Ƙungiyar da za ta ɗauke ta ta ji ƙishin-ƙishin, ta ce ba za a sa hannu ba sai an kawo hoton MRI. Yayanta, wanda shi ne kocinta, wayo ya yi masa yawa. Ya je ya ce wa likitan ƙungiyar ai hagu ce ta ɗan gurɗe, aka rubuta hagu a takarda.

A ɗakin jira na asibiti ya sunkuyo kanta. "Ki miƙe tafiyarki. Kika yi musu ɗingishi, ni da ke ne."

"Yaya, ƙafarka ce ko tawa?"

"Da tawa ce, da ba ta yi wannan rakin ba."

Ta ji ta tsane shi har cikin ranta, amma tana son gurbin nan na ƙungiyar, don haka ta cije ta taka.

Mai ɗaukar hoton ba ta san fara'a ba. Ta sa ta cire ɗan kunne da agogo, ta toshe mata kunnuwa, ta ɗaure ƙafar hagu tamau. "Kada ki motsa, ba ni da lokacin maimaitawa." Minti ashirin na'urar tana bugu kamar maƙera, ƙafar dama kuwa tana zugi a gefe, ba wanda ya kula ta.

Da likitan asibitin ya juyo musu da allo, Yaya har ya fara murmushi.

"Wannan farin da kuke gani, ruwa ne ya taru a cikin ƙashi," in ji likita. "Siririn layin nan kuma tsagewa ce. Wata uku babu gudu."

"A hagu?" in ji Yaya. "Malam, hagun lafiyarta ƙalau. Na'urarku ce ta samu matsala."

"Lafiyarta ƙalau kuka kawo ta hoto?"

Likita ya watsa wa Yaya harara, sannan ya dubi Barewa. "Irin wannan yakan samu ƙafar da aka jibga wa nauyi don a lallaɓa 'yar'uwarta."

Ta gane gurbin ya tafi. Ta sunkuya ta fara kwance takalmin dama.

"Kada ki kuskura," in ji Yaya.

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Likita, wadda ka gani ita ce mai lafiyar. Ga mai ciwon nan."